Yau Sifiri, Gobe Ɗaya: Yadda Ake Ciro Abu Daga Jeri a Harshen Python

Gabatarwa

Ɗalibin harshe ba ya rabuwa da jeri. Akwai jerin kalmomin da malami ya bayar a nemo jam'insu, akwai jerin karin magana da aka tattaro domin kundin kammala digiri, ga kuma jerin amsoshin mutanen da aka yi wa tambayoyi a kasuwa ko a Sabo. Muddin jerin bai wuce shafi biyu ko uku ba, biro da takarda sun wadatar. Amma idan kalmomin suka kai dubu biyar, ido ya kan gaji, kuma a nan ne ɗan sanin shirya manhaja yake yi wa mutum rana. A wannan maƙala zan yi bayani ne a kan abu guda cikin abubuwan farko da ake koya wa mai fara wannan fanni, wato yadda ake ciro abu daga jeri ta hanyar faɗin gurbin da yake zaune. Zan yi amfani da harshen Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a shekarar 1991, saboda kyauta ake samun sa kuma rubutunsa yana da sauƙin karantawa. Abin a ido ƙarami ne. Sai dai a ganina, ga mai nazarin Hausa yana ɗauke da tarko biyu: na farko yadda kwamfuta take ƙirge, na biyu kuma abin da ita kwamfutar take ɗauka a matsayin harafi.

Jeri da gurbi

A Python, ana rubuta jeri ne a cikin baka mai kusurwa, irin wadda muke sanya sauti a ciki a darasin furuci, a raba abubuwan da waƙafi. Kalma kuma a sa ta cikin alamar zance. Ga misali:

ranaku = ["yau", "gobe", "jibi", "gata", "citta"]

Wannan layi ya gaya wa kwamfuta ta adana kalmomi biyar a jere, ta raɗa wa jerin suna ranaku. Idan ina son guda ɗaya daga ciki, sai in rubuta sunan jerin, in bi shi da lambar gurbi a cikin baka. To, mai karatu, me kake zaton ranaku[1] zai bayar? Kusan duk wanda aka yi wa wannan tambaya karon farko zai ce "yau". Amsar da kwamfuta za ta bayar kuwa ita ce "gobe". Mai son "yau" sai ya rubuta ranaku[0]. Haka kuma ranaku[2] shi ne "jibi", ranaku[4] kuma "citta". Abubuwa biyar ne a jerin, amma babu gurbi mai lamba 5.

Da gangan na zaɓi waɗannan kalmomi, domin Hausa ta riga ta warware matsalar tun kafin a ƙera kwamfuta. Kwana nawa ne tsakanin yau da gobe? Ɗaya. Tsakanin yau da jibi? Biyu. Gata uku, citta huɗu. To tsakanin yau da yau fa? Babu ko ɗaya, wato sifiri. Lambar da ke cikin bakar ba tana amsa tambayar "na nawa ne?" ba. Tana amsa tambayar "taki nawa ne daga mafari?" Abu na farko yana zaune a kan mafarin, ba a yi taki ko ɗaya ba kafin a same shi, don haka lambarsa sifiri.

Mu da Yarbanci ne harshenmu na gida mun saba da ɗaya hanyar. Ranar da Bahaushe yake kira shekaranjiya, Bayarabe ìjẹta yake ce mata, kuma a cikin kalmar akwai tushen "uku", domin ya sa yau a cikin lissafi: yau ɗaya, jiya biyu, wadda ta gabace ta uku. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Ɗaya yana ƙirga ranakun ne, ɗaya yana auna tazarar da ke tsakani. Duk ɗalibin da ya taɓa fassara labari daga Yarbanci zuwa Hausa ya san cewa idan bai lura da wannan ba, zai iya ƙara wa tafiya kwana ɗaya da babu shi. Irin wannan kuskure na rarar ɗaya ko giɓin ɗaya shi ne ya fi damun masu koyon shirya manhaja, har ƙwararru ma ba su tsira ba.

Me ya sa aka fara daga sifiri?

Dalilin yana cikin yadda kwamfuta take ajiya. Ma'adanarta kamar doguwar rumfar kasuwa ce mai shaguna a jere, kowane da lambarsa. Idan aka ƙirƙiri jeri, sai a keɓe masa gurabe masu faɗi ɗaya a manne da juna, kwamfuta kuma ta riƙe lambar inda jerin ya soma. A ce jerin ya soma a lamba 1000, kuma kowane gurbi yana cin ma'auni 8. Domin ta kai ga gurbi mai lamba 3, sai ta ninka 3 sau 8, ta samu 24, ta ɗora a kan 1000, ta dira a 1024. Domin ta kai ga na farko kuwa, sai ta ninka sifiri sau 8, ba ta motsa daga 1000 ba. Da an fara daga ɗaya, da sai ta riƙa cire ɗaya a kowane lissafi. Wannan ne kuma ya sa ciro abu ta gurbinsa yake da sauri ƙwarai. Kwamfuta ba ta bin jerin ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman sunansa a allon sakamakon jarrabawa. Lissafi guda take yi, don haka kalma ta dubu casa'in da kalma ta biyu duk lokaci ɗaya suke ɗauka.

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1972, shi ya yaɗa wannan tsari, Python da Java da wasu da dama suka gada. A 1982 masanin nan Edsger Dijkstra ya rubuta wata 'yar gajeriyar takarda yana kare farawa daga sifiri. Amma ba kowa ya bi ba, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Fortran, wanda ya fito tun 1957, daga ɗaya yake farawa. Haka harshen R da masu nazarin walwalar harshe suke lissafi da shi, haka kuma Praat da ake auna sauti da ita a ɗakin gwajin furuci. Layukan Excel ma daga 1 suke farawa, kuma galibi layin farko kanun bayanai ne. Ke nan kalmar da ke layi na 2 a Excel ita ce za ta zama mai lamba 0 idan aka ɗebo bayanan zuwa Python aka jefar da kanun. Duk wanda yake yawo tsakanin waɗannan kayan aiki, ya kamata ya tambayi kansa a kowane zama: wannan irin ƙirgen shekaranjiya yake yi ko irin na ìjẹta?

Ƙirge daga baya, da yanka

Python tana da wata dabara mai daɗi. Idan aka sa alamar ɗebewa a gaban lamba, sai ta ƙirgo daga ƙarshen jeri. Wato ranaku[-1] shi ne "citta", ranaku[-2] kuma "gata". A nan misalinmu na ranaku ya tsaya, kada a ce -1 jiya ce. Abu na ƙarshe ake nufi, ko da jerin ya kai dubu. A harshen R kuwa wannan rubutun wata ma'ana daban gare shi, yana nufin a kawo komai ban da na farko.

Akwai kuma yanka, wato ciro wani sashe na jeri gaba ɗaya. Ana rubuta lambobi biyu da ruwa biyu a tsakani. ranaku[1:3] zai kawo "gobe" da "jibi". Bai kawo "gata" ba, domin lamba ta biyu iyaka ce da ba a shiga cikinta, kamar katangar maƙwabci. Amfanin haka shi ne, idan ka cire 1 daga 3 ka san abubuwa biyu za ka samu. Idan aka bar gefe ɗaya babu lamba, ana nufin tun daga farko ko har zuwa ƙarshe.

Wanda ya nemi ranaku[5], Python za ta tsaya cak ta nuna masa saƙon IndexError, ma'ana babu wannan gurbi. Masu koyo suna tsoron wannan saƙo, ni kuwa ina ganin alheri ne, domin kuskuren da ya yi kururuwa an gama da shi. Mugun shi ne wanda ya yi shiru. A ɗauka ɗaliba ta tsara kalmominta haka:

ƙamus = [["gida", "namiji", "gidaje"], ["mota", "tamata", "motoci"]]

Jeri ne a cikin jeri. ƙamus[1] zai kawo duk bayanin mota, ƙamus[1][2] kuma zai kawo "motoci". Idan tana neman jinsi, ta ce ai shi ne abu na biyu, ta rubuta 2 a maimakon 1, kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Za ta miƙo mata jam'i a matsayin jinsi, sau dubu biyar, cikin ƙiftawar ido.

Kalma ma jeri ce

Inda abin ya fi shafar ɗalibin harshe shi ne, Python tana ɗaukar kowace kalma a matsayin jerin alamomi, kuma duk dokokin da muka gani suna aiki a kanta. Idan kalma = "makaranta", to kalma[0] shi ne "m", kalma[-1] shi ne "a". Yankan kalma[:2] zai ba da "ma", kalma[2:] kuma ya ba da "karanta". Ga ɗafa-goshi ga aikatau, an raba su da layi ɗaya. Tabbas kwamfuta ba ta san ɗafi ba, haka za ta yanke "ma" daga mage da madara, wannan kuma aikin mai nazari ne ya tace.

Harafin ƙarshe yana da daraja a nahawun Hausa fiye da a harsuna da yawa. Yawancin sunaye na tamata da wasalin a suke ƙarewa, don haka kalma[-1] zai iya tace dubban sunaye a rukuni biyu, sannan mutum ya zauna ya fitar da irin su gida, ruwa, suna da nama, waɗanda suka ƙare da a amma jinsinsu namiji. Haka kuma rukunonin aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960 sun dogara ne a kan ƙarshen kalma tare da karin sauti: saye, sayo, sayu, sai kuma sayar wadda take buƙatar kalma[-2:] domin a ga "ar".

Bari mu gwada wani abu da ya fi wannan. Akwai jam'in da ake yi ta hanyar cire wasalin ƙarshe, a sa o, a maimaita baƙin ƙarshe, a rufe da i. A Python ga yadda dokar take:

jami = kalma[:-1] + "o" + kalma[-2] + "i"

Ma'ana, a ɗauki kalmar ban da harafin ƙarshe, a ƙara o, a ƙara harafi na biyu daga ƙarshe, a ƙara i. Taga ta koma tagogi. Hanya ta koma hanyoyi. Ƙofa ƙofofi, fuska fuskoki, dabba dabbobi, tatsuniya tatsuniyoyi. Abin gwanin ban sha'awa, dokar da muka haddace a aji ga ta tana aiki da kanta. Sai aka ba ta mota, ta ce "mototi". Wannan ba laifin gurbi ba ne, ganɗantawa ce, t tana komawa c a gaban i, kuma ana iya ƙara wannan doka. Amma da aka ba ta tasha, sai ta ce "tashohi" a maimakon tashoshi. A nan ne tarko na biyu yake.

Harafin Bahaushe da harafin kwamfuta

A wurinmu, tasha haruffa huɗu ce: t, a, sh, a. A wurin Python alamomi biyar ne, kuma na biyu daga ƙarshe shi ne h. Duk baƙaƙe masu goyo haka suke faɗawa: sh, ts, ky, gy, ƙy, kw, gw, ƙw, fy. Harafin farko na "tsuntsu" a wurin kwamfuta t ne, na "kyau" kuma k. Ɗalibin da ya ƙirga yawan kalmomin da suka fara da sautin s ta hanyar kalma[0], ya haɗa da shanu da shekara da shinkafa bai sani ba, kuma alƙaluman da zai kai wa mai duba aikinsa za su fito tsaf a jadawali alhali ba daidai suke ba. Kalmar 'ya'ya ta fi ban tausayi, domin gurbinta na sifiri ba harafi ba ne ma, waƙafin sama ne. A rubutun Nijar, inda ake amfani da ƴ, kalmar alamomi huɗu ce, a namu na Nijeriya shida.

Baƙaƙe masu ƙugiya sun samu sauƙi. Tsarin Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ kowanne lambarsa, ta ƙ ita ce 409, kuma tun daga Python 3 da ta fito a 2008, "ƙasa"[0] yana ba da ƙ cikakkiya. A tsohuwar Python 2, wadda aka daina kula da ita a farkon 2020, sau da yawa rabin harafin ake samu, domin a ma'adana ƙ tana cin gurbi biyu. Har yanzu ana cin karo da tsofaffin littattafan koyo na wancan zamani a ɗakunan karatu, sai a kula. Matsalar da ta rage tana cikin rubuce-rubucen da kansu. Mutane da yawa sun rubuta k'asa da d'aki da waƙafin sama, wasu sun bar ƙugiyar gaba ɗaya, wasu kuma sun yi amfani da tsofaffin nau'o'in rubutu da suke nuna ƙ a fuskar kwamfuta alhali a ciki wata alama ce daban. Rubutu uku na kalma ɗaya, tsawo daban, gurabe daban.

Mafi ɓuya a cikinsu shi ne karin sauti da tsawon wasali. Rubutun yau da kullum ba ya nuna su, amma mu a aji dole mu nuna. Harafin à ana iya adana shi ta hanya biyu: ko alama guda, ko a da wata alamar karin sauti da ke hawa kanta. A ido babu bambanci ko kaɗan, a gurbi kuwa ɗaya da biyu ne. Python tana da kayan aiki mai suna unicodedata.normalize da yake haɗe irin waɗannan idan an ba shi umarnin NFC. Sai dai ba kowane haɗi ne yake da alama guda a Unicode ba. Dogon e da dogon o masu karin ƙasa suna da ita, amma dogon a da i da u masu karin ƙasa ba su da ita. Ke nan idan aka rubuta mōtā̀ yadda ƙamusun masana suke yi, kalma[-1] ba a zai bayar ba, alamar karin sautin ce tsirara. Gwajin jinsin da muka yi a sama zai ce mota ba ta ƙare da a ba. 'Yan uwanmu na sashen Yarbanci suna fama da irin wannan a kan ẹ da ọ idan karin sauti ya hau su, don haka matsalar ba ta Hausa kaɗai ba ce.

Mafita ita ce kada a bar wa kwamfuta yanke hukuncin mene ne harafi. Kafin a fara ciro komai, a mayar da kowace kalma jeri na gaskiya bisa abacadar Hausa:

kalma = ["t", "a", "sh", "a"]

Yanzu kalma[-2] shi ne "sh", kuma idan aka sake haɗa sassan za a samu tashoshi. Ba sai an yi wannan da hannu ba. Ana rubuta jerin baƙaƙe masu goyo sau ɗaya, a umarci kwamfuta ta riƙa duba alamomi biyu-biyu tukuna, idan sun dace da ɗaya daga cikin jerin ta ɗauke su tare, idan ba su dace ba ta ɗauki guda. Aikin bai fi layi goma ba, amma sai wanda ya san cewa ky harafi ɗaya ne alhali ny na hanya biyu ne zai iya tsara shi. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da bai zauna a ajinmu ba ba shi da hanyar sanin wannan.

Haka abin yake a matakin jimla. Umarnin split yana yanka jimla a duk inda ya ga fili, ya mayar da ita jerin kalmomi. "Audu ya tafi kasuwa" za ta zama kalmomi huɗu, gurbi na 0 Audu, na 1 ya, na 2 tafi. Da yake Hausa tana da tsayayyen tsarin jimla, sai mutum ya ji kwaɗayin cewa aikatau kullum yana gurbi na 2. A "Ya tafi kasuwa" kuwa ya dawo gurbi na 1, a "Ƙanen Audu ya tafi kasuwa" ya koma na 3. Wanda yake son kamo aikatau gara ya fara nemo gurbin lamirin suna, irin su ya, ta, sun, suka, sannan ya ƙara ɗaya a kan lambar. Ko a nan ma sai ya tanadi abin da zai yi da "Audu ya ɗan huta", inda ɗan ta shiga tsakani, da kuma "ta" ta cikin "Ya bi ta kasuwa", wadda ba lamirin suna ba ce sam.